Likitan Idon da Ya Yi wa Iblis Marsiyya: Wasan Inuwa da Waƙar Talakawa a Alƙahira

A shekarar 1267 Sarkin Masar, Zahir Baibars, ya sa aka yi shela a Alƙahira cewa a rufe mashaya, a tuntsurar da tulunan giya, a ƙona wiwi, a watsa gidajen mata masu zaman kansu. Baibars kuwa ba sarkin da ake ja da shi ba ne. Shekara 7 kafin nan yana cikin jagororin rundunar da ta karya Mangol a Ain Jalut, kuma shi ne ya sake tsayar da halifancin Abbasiyawa a Alƙahira a 1261 bayan rushewar Bagadaza. Don kowa ya shiga taitayinsa, sai aka kama wani da ake kira Ibn Kazaruni aka gicciye shi, da tulun giya rataye a wuyansa.

A cikin mutanen da suka ga wannan zamani akwai wani saurayi baƙo, ɗan gudun hijira daga Mausil ta ƙasar Iraƙi, mai suna Muhammad Ibn Daniyal. Daga baya, da ya zauna rubuta wasan kwaikwayo, da wannan doka ya buɗe shi. Wani mai ƙusumbi ya dawo Alƙahira daga tafiya, ya tarar duk wuraren sheƙe ayar da ya sani sun zama kufai. Abokinsa ya sauke shi, ya ba shi haƙuri cewa babu abin sha, domin Iblis ya mutu. Nan take mai ƙusumbin ya ɓarke da marsiyya, yana kukan rashin uban gidansu, yana lissafa unguwannin da suka yi maraici.

Wannan marsiyya ba a fada ake rera ta ba, ba kuma a zauren malamai ba. Wani mutum ne ke rera ta daga bayan farin ƙyalle, da fitila a gefensa, yana motsa siffofin fata da sanduna, jama'a na zaune cikin duhu suna kallon inuwa. Larabawa na kiran wannan sana'a khayal al-zill. Wasanni uku da Ibn Daniyal ya rubuta mata su ne mafi tsufan cikakkun wasannin kwaikwayo na Larabci da suka iso hannun mutanen yau.

Baƙon Mausil

An haifi Ibn Daniyal wajajen 1248. Yana ɗan shekara 10 Mangol suka ci Bagadaza a 1258, sannan a 1262 suka afka wa garinsu. Ya bi sahun masu ƙaura zuwa Masar, ƙasar da Mamalik, wato sojojin da aka sayo a matsayin bayi suka ƙwace mulki, ke riƙe da ita. A Alƙahira ya buɗe shagon maganin ido kusa da ƙofar gari da ake kira Bab al-Futuh, yana haɗa kwalli da ɗigon ido, yana kuma yin waƙa. Ya yabi sarakuna da hafsoshi don neman abin hannunsu, ya yi zambo, ya yi barkwanci, har ya tsara sunayen alƙalan Masar a cikin waƙa irin ta ɗalibai. Ya rasu a 1310. Safadi, marubucin tarihin mashahuran mutane da ya zo bayansa, ya tattara zaɓaɓɓun waƙoƙinsa, ya kuma kwatanta shi da Ibn Hajjaj, mawaƙin Bagadaza da ya yi suna wajen batsa.

Mai karatun zaure ya san wannan Masar ɗin, ko da bai taɓa jin sunan Ibn Daniyal ba. Busiri, mai Burda, zamaninsu ɗaya da shi, ƙasarsu ɗaya. Ibn Manzur, wanda ya kammala ƙamus ɗin Lisan al-Arab a 1290, a Alƙahira ya zauna, kuma tsakanin rasuwarsa da ta likitan idon bai wuce shekara ɗaya ko biyu ba. Gari ɗaya ne ya fitar da begen Annabi, da ƙamus mafi girma na zamaninsa, da marsiyyar Iblis. Littattafan malamai suka ratsa Sahara suka iso makarantunmu, hirar kasuwa kuwa aka bar ta a can.

Bayan labule

Kayan aikin ba su da yawa. Ana kafa katako a ɗaure masa farin ƙyalle, a ajiye fitilar mai ko kyandir a bayansa. Siffofin kuwa da jemammiyar fata ake yanka su, a kankare ta har haske ya riƙa ratsawa, a huda ta da ƙananan ramuka don ado ya fito, wani lokaci a rina ta. Hannu da ƙafa da wuya akan haɗa su da zare yadda za su lanƙwasa. Mai wasa yakan soka sanda a jikin siffar ya danna ta a kan ƙyallen. In ya matso da ita inuwar ta fito tsaf, in ya ja da baya ta dusashe kamar aljani ya ɓace. Shugaban 'yan wasa, rayyis, shi ke sauya murya daga ta soja zuwa ta tsohuwa, masu garaya da sarewa da tambura na taya shi. Kowane wasa guda ana kiran sa baba.

Masu bincike da yawa na ganin sana'ar daga gabashin Asiya ta shigo ƙasashen Musulmi. Abin da yake tabbas shi ne tun ƙarni na 11 malamai ke ambaton ta. Ibn Haisam, masanin ilimin gani da ya rasu a Alƙahira wajajen 1040, ya kawo misalinta a littafinsa na haske da ido. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya kamanta duniya da ita: wasu siffofi na ɓacewa, wasu na ɓullowa.

Sufaye ne suka fi kowa cin moriyar wannan misali. Ibn Farid, wanda ya rasu a 1235, ya keɓe wani yanki na doguwar Ta'iyyarsa yana bayanin abin da ake gani a kan ƙyallen: tsuntsaye, raƙuma, jiragen ruwa, rundunoni na gwabzawa, masunci na jefa koma. Duk wannan hayaniya hannun mutum ɗaya ke motsa ta, kuma ba a ganin sa sai an yaye labule. Akwai kuma labarin da marubutan zamanin Mamalik suka ruwaito game da Salahuddin Ayyubi da wazirinsa Ƙadi Fadil. Sarki ya sa a kawo wasan inuwa, waziri ya miƙe zai fita, sai sarki ya ce masa in da haramun ne da su ma ba su zauna ba. Da aka gama ya tambaye shi abin da ya gani. Waziri ya amsa cewa wa'azi babba ya gani: dauloli na tafiya, wasu na zuwa, da aka naɗe labule sai ga mai juya su guda ɗaya ne.

Malamai dai tauhidi suka hango a jikin ƙyallen. Abin da 'yan kallo ke biyan kuɗi su gani kuwa daban ne, kuma Ibn Daniyal ne ya bar mana shi a rubuce.

Wasanni uku

A gabatarwarsa ya faɗi dalilin rubutun. Wani abokinsa mai wannan sana'a, Ali Ibn Maulahum, ya koka masa cewa mutane sun gaji da maimaita tsofaffin wasanni, kasuwa ta ja baya. Sai ya tsara masa sababbi.

Na farko shi ne Ɗaif al-Khayal, sunan mai ƙusumbin nan. Bayan marsiyyar sai ya kira abokinsa Amir Wisal, wani soja mai cika baki, wanda ya fito yana kirarin ɓarnar da ya tafka a rayuwarsa kamar mai lissafa garuruwan da ya ci da yaƙi. Magatakardansa ya karanta takardar naɗinsa, da irin lafazin fada mai nauyi, amma sarautar da aka ba shi ta kufai ce da maƙabartu. Tun da doka ta hana holewa, Wisal ya ce zai tuba ya yi aure. Aka kira Ummu Rashid, tsohuwa mai dalilin aure da ta san sirrin kowane gida a garin. Ta zuga amarya, aka yanka sadaki, aka ɗaura, ango ya hau doki da kyandirori da makaɗa. Da aka zo buɗar kai sai ga wata halitta da ganinta ya sa jarumin ya faɗi sumamme. Ya farfaɗo yana neman tsohuwar ya huce a kanta, sai likita Yaƙɗinus ya shigo da labarin cewa ta riga mu gidan gaskiya. Jin mutuwa ya sanyaya musu jiki, Wisal da mai ƙusumbi suka ɗaura niyyar Makka.

Na biyu, Ajib wa Garib, ba shi da zaren labari. Dandali ne na kasuwa, inda masu cin abinci da baki ke fitowa ɗaya bayan ɗaya. Garib ne ya buɗe fage, ya ce shi ɗan Banu Sasan ne, wato zuriyar mabarata da 'yan damfara da 'yan yawon duniya, ya kuma kare kansa da cewa masu kyauta sun ƙare, dole a ci da dabara. Sai Ajib mai wa'azi ya hau mumbari. Ya fara da yabo da salati yadda aka saba, ya bi salon huɗuba tiryan-tiryan, amma nasihar tasa ta koyar da roƙo ce, ƙarshenta kuma a miƙo sadaka. Wanda ya taɓa ganin ɗan kama ya naɗa rawani yana jan baƙi a kan tuwo da miya ya san irin dariyar da ake nufi.

Bayansa mutum fiye da 20 suka biyo. Ga gardi da kwandon macizansa, yana tsorata jama'a da dafi kafin ya fito da makarin da yake sayarwa. Ga mai saiwoyi yana jera cututtukan da kowane ganye ke kashewa. Ga ɗan duba da taurarinsa, da mai layu, da ɗan dabo, da mace mai ƙaho da jarfa tana kiran 'yan mata. Ga mai zaki, mai giwa, mai bunsurun da ke hawa kan itace, mai biri, mai karnuka, da wanda ya sulhunta kyanwa da ɓera. Ga mai haɗiye takobi, da mai tafiya a kan igiya, da mai yanka jikinsa don a tausaya masa. Kowa da irin kiran kasuwarsa da waƙarsa, kuma kowa da roƙo yake rufewa. Likitan da ya shekara da shekaru a bakin ƙofar gari yana jin masu tallar magani ya san muryoyin nan ciki da bai.

Na uku, Al-Mutayyam, labarin mutum ne da son wani matashi ya zautar. Suka yi gasa ta faɗan zakaru, sannan karon raguna, sannan na bijimai, kowa na wasa dabbarsa da irin waƙar da ake yi wa barade. Da bijimin Mutayyam ya sha kaye aka yanka shi aka yi walima, fasiƙan gari suka hallara kowa na bayyana halinsa ba kunya. Ana cikin haka Mala'ikan mutuwa ya bayyana. Mai gida ya roƙi jinkiri gwargwadon ya tuba, ya tuba, ya cika.

Waƙar da i'irabi ke ɓata ta

Ibn Daniyal bai ƙago salonsa daga sama ba. Zuben nasa mai amsa-amo ne irin na Muƙamar Hariri, wadda har gobe ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, kuma Garib ɗan'uwan Abu Zaid ne, dattijon nan mai zaƙin baki da ke damfarar jama'a a kowace muƙama. Bambancin shi ne Hariri, wanda ya rasu a 1122, ya sa wa ɗan damfararsa Larabcin da sai da ƙamus, shi kuwa likitan ido yakan bar nasa su sauko su yi maganar titi. A shafi ɗaya sai a ga ƙasida mai cikakken nahawu, a ƙarƙashinta kuma zajal da harshen 'yan kasuwa.

Zajal a Andalus ya bunƙasa, a hannun Ibn Ƙuzman na Ƙurɗuba wanda ya rasu a 1160, daga can ya gangaro Masar da Sham. Tsarinsa na amshi ne da ɗiyan waƙa: kowane ɗa da amsa-amonsa, amma a ƙarshensa a komo ga na amshi. Wanda ya fara zama ya tsara wa irin waɗannan waƙoƙi ƙa'ida shi ne Safiyuddin Hilli, mawaƙin Iraƙi da aka haifa a 1278, a littafinsa Al-Aɗil al-Hali. Ya ƙirga fannonin waƙa 7. Uku dole a kiyaye i'irabi a cikinsu: ƙasida, muwashshah da dubait. Uku kuwa i'irabi aibi ne a gare su: zajal, kan wa kan, da ƙuma. Na bakwai, mawaliya, yana tsakani, yana karɓar kowanne. Ma'ana, malamin nahawu in ya shiga wannan fage ya gyara ƙarshen kalmomi yadda aka koya masa, shi ne ya yi kuskure.

Kowane fanni da inda ya fito da aikinsa. Ƙuma ta masu tashin mutane sahur ce a Bagadaza. Kan wa kan da tatsuniya ta fara, daga baya masu wa'azi irin su Ibn Jauzi suka ɗauke ta don isar da nasiha ga wanda bai yi karatu ba. Mawaliya mai layi 4 ce, ana danganta asalinta da garin Wasiɗ, kuma ita ce kakar mawwal da mawaƙan Larabawa ke ja har yau. Shi kansa zajal Hilli ya karkasa shi: na barkwanci da batsa shi ne bullaiƙ, na wa'azi da tuba kuma mukaffir. Mawaƙi yakan yi na farko da ƙuruciya, ya biya bashinsa da na biyu. Wannan ya nuna cewa tubar da ke rufe wasannin Ibn Daniyal ba kawai dabarar kauce wa fushin hukuma ba ce. Tsari ne da masu sauraro suka saba da shi, a yi dariya a ƙoshi sannan a tuna da kabari.

Masu wannan waƙa kuma ba 'yan fada kaɗai ba ne. Masar ta wancan zamani ta yi mawaƙa da ake kiransu da sana'arsu: Jazzar mahauci, wanda ya rasu a 1281, da Warraƙ mai takarda, da Hammami mai gidan wanka, da Ibrahim Mi'imar magini, wanda annobar 1348 ta tafi da shi. Manyan marubuta na haddace baitocinsu suna sa su a littattafai. Ibn Khaldun ma da wannan batu ya rufe Muƙaddimarsa, inda ya nuna cewa fasaha ba a i'irabi take ba, kuma daɗin waƙar kowace al'umma sai wanda ya tashi cikin harshenta ke jin sa.

Sarakuna da 'yan wasa

Tsakanin masu mulki da masu fitila, yau zuma ne gobe maɗaci. A 1451 Sarkin Masar Jaƙmaƙ ya ba da umarni a tattara siffofin wasan inuwa a ƙona, a kuma sa masu sana'ar su rubuta alkawarin ba za su koma ba. Dokar ba ta kashe ta ba.

A 1517 Sarkin Turkawa Salim na Ɗaya ya ci Masar, ya sa aka rataye Ɗuman Bai, sarkin Mamalik na ƙarshe, a ƙofar Bab Zuwaila. Marubucin tarihi Ibn Iyas, wanda ke raye a garin a lokacin, ya ruwaito cewa wani dare a tsibirin Rauda aka kawo wa Salim mai wasan inuwa. Mutumin ya fito da siffar ƙofar, da ta sarkin da aka kashe, har da yadda igiya ta tsinke sau biyu. Salim ya ji daɗi, ya ba shi dinare da riga, ya ce zai tafi da shi Santambul don ɗansa Sulaiman ya gani. Sana'ar da ta yi wa dokar Baibars shaguɓe ita ce kuma ta nishaɗantar da wanda ya rushe daular magadansa. Masana da dama na ɗaukar wannan tafiya a matsayin ɗaya daga cikin tushen Karagoz, wasan inuwar Turkawa, wanda daga baya ya sake komowa ƙasashen Larabawa na daular Usmaniyya.

A Masar an ci gaba da wasanni irin su na Kada, inda kada ke haɗiye manomi a yi ta fafutukar zaro shi, da na Hasumiyar Iskandariyya, mai nuna harin jiragen Turawa. Zuwan silima da rediyo ne ya kwashe 'yan kallo. A 2009 hukumar UNESCO ta sa Karagoz cikin gadon al'adun duniya, a 2018 kuma ta sa wasan inuwar Siriya cikin jerin waɗanda ke buƙatar ceton gaggawa.

Rubutun da ya wahalar da masana

Wasannin Ibn Daniyal sun tsira ne a 'yan kwafe-kwafen hannu da ke Santambul, da Alƙahira, da ɗakin karatu na Eskoriyal a Sifen. Bajamushe Georg Jacob ne ya jawo hankalin masana gare su a farkon ƙarni na 20. Wani Bajamushen, Paul Kahle, ya samo tsofaffin siffofin fata a garin Manzala na arewacin Masar a 1909, waɗanda yanzu ke gidajen tarihi na Jamus, ya kuma shafe shekaru yana tace rubutun har ya rasu a 1964 bai ga fitowarsa ba. Bugun da Ibrahim Hamada ya fitar a Alƙahira a 1963 an zubar da wuraren batsa masu yawa daga cikinsa. Sai a 1992 Derek Hopwood da Mustafa Badawi suka kammala aikin Kahle, cikakken nassin ya fito.

Ba batsa kaɗai ta jawo jinkirin ba. Masu kwafe na dā sun riƙa cin karo da kalmomin da ba su gane ba, kowa ya rubuta abin da ya zata. Akwai sunayen magunguna da na kayan caca, da zagin unguwa, da zaurancen Banu Sasan da suke yi don kada wanda za a damfara ya fahimta. Da yawansu ba su cikin Lisan al-Arab, domin Ibn Manzur daga littattafan magabata ya tattaro kalmominsa, bai je bakin Bab al-Futuh ya tsaya sauraron gardi ba. Masu bincike na baya-bayan nan sun gano cewa wasu daga cikin kalmomin wannan zaurance ba su mutu ba: suna nan a cikin sim, yaren sirri na makaɗa da 'yan rawa da masu yawon wasa a Masar. Don haka mai son warware wasu layukan likitan idon a yau yana buƙatar malamin nahawu, yana kuma buƙatar makaɗin biki, kamar yadda shi marubucin ya buƙace su duka biyun.